Jaririn da Na Ɗauko a Maiyama

Shekarar da aka yanke mana jiha daga Sakkwato, mu direbobi ba mu san zama ba. Ma'aikata sun cika Birnin Kebbi, kowa na neman hatsi da albasa, ni kuwa ina jan akori-kurar maigidana tsakanin Maiyama, Jega da Aliero. Ana cikin haka matata ta haihu a gidan iyayenta, can Gumbin Kure. Namiji, ɗan fari. Ranar suna na zauna waje da abokai, da aka fito da shi wurin wanzami na kau da kai. Wa zai ƙura wa ɗan fari ido a gaban surukai? Sai a ce ba ka da kunya. Arba'in ta wuce, aka aiko in zo a yi maganar komawarta ɗakinta, na ce a bari kakar albasa ta lafa. Wata ya bi wata. Sabulu da nama dai ban fasa aikawa ba, kuma a ganina na cika uba.

Wata ranar kasuwar Jega na yi lodin gero a Maiyama, zan tashi ke nan sai ga wata tsohuwa riƙe da jariri cikin zane, yana tsala kuka. Ta ce Aliero za ta, wurin masu ɗori. Yaron ya mirgino daga gado ya faɗo a kan hannunsa, tun safe take tsaye ba mota. Na ce ta shigo gaba, ai ni ma can zan ƙare, albasa na jira na.

Ni mutum ne mai saurin fushi, ban ɓoye ba. Kukan nan ya cika min kunne, duk ramin da muka faɗa sai ya ƙara ƙarfi. Na yi ta mita. Na tambaye ta ina uwar, ta ce haihuwar fari ce, ba ta iya saɓo shi ta ratsa gari da shi, shi ya sa ita gwaggon uwar ta ɗauko. Na ce to uban fa, ko ya mutu? Ta ce yana nan da ransa, neman abinci ya yi masa yawa. Na yi tsaki, na ce wasu mazan dai haihuwar kawai suka iya. 

A Jega na shiga kasuwa sauke gero. Tsohuwa ta roƙe ni mu fara kai yaron, na ce mai kaya na jira, kuma ba don ita na fito ba. Masu dako suka yi ta jan ƙafa, mai geron ya tsaya gardamar buhu guda da ya yage, ni ma na biye masa. Har shayi na sha. Da na dawo rana ta take, gaban mota ya yi zafi kamar tanda, kukan yaron ya koma shessheƙa. Ta buɗe zanen ta nuna min hannun, ya kumbura ya yi suntum. A nan dai na taka mota sai Aliero.

Mai ɗorin dattijo ne, yana zaune a zaure da karare da tsummoki a gefensa. Ya taɓa hannun, ya ɓata rai, ya ce me ya sa aka bari ya kumbura haka, ai ɗori da zafinsa ake yi. Ya ce sai namiji ya riƙe yaron, ya dube ni. Na ce ni direba ne kawai, amma a kawo. Kafin ya yi tofi ya tambayi sunan yaron da gidansu. Tsohuwa ta ce daga Gumbin Kure suke, ta faɗi sunan mai gidan, ta faɗi sunan yaron.

Gidan surukaina ne. Sunan kuwa na mahaifina ne, ni da bakina na zaɓa.

Wallahi ji na yi zauren ya juya. Na dubi fuskar da ke kan cinyata, karo na farko na dube ta da kyau: ga goshin gidanmu, ga kunnuwanmu. Ni na bar shi cikin rana ina shan shayi. Na kasa riƙe shi daidai har mai ɗorin ya daka min tsawa, ya ce in ba zan iya ba in ba wani.

Na ce, "Baba, ɗana ne."

Tsohuwa ta matso, ta kare ido da tafin hannu tana dubana. Kafin ranar ba ta taɓa ganina kusa ba, ni ma haka, don ni iyakata ƙofar gida. Na jira zagi, na ma so ta zage ni. Sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, irin yadda ake yi wa suruki.

Ta ce, "Ashe kai ne. To riƙe shi da kyau."

Na rungume shi a ƙirji. Dattijon ya yi bisimilla ya ja, na ji motsin ƙashin a cikin tafina, yaron ya ƙwalla ƙarar da har yau ban manta ba. Aka jera karare aka ɗaure. Ya ce ƙashin jariri ba ya gardama, da yardar Allah zai kama, sai dai kumburin ya sa ba zai yi alkawarin ya miƙe sarai ba. Haka kuwa aka yi, har ya girma gwiwar hannun nan da 'yar lanƙwasarta.

Na so in ci gaba da riƙe shi, ko albasa ta ruɓe ba ruwana. Na yi ta jijjiga shi, ban ma san yadda ake yi ba. Ya dube ni da jajayen idanu, ya juya, ya miƙa wa tsohuwa hannunsa mai lafiya. Ita ya sani. Na ba ta shi, na fita na buɗe musu ƙofar mota.