Hawan soro ranar Arfa

Shekarar da na fara aiki a Gusau na saya wa Inna talabijin mai kala, na kai mata Bungudu. Ba ta taɓa zuwa Makka ba, ƙafafunta kuma sun riga sun gaji, burinta kawai ta ga tsayuwar Arfa da idonta. Da ranar ta zo, tun hantsi ta yi wanka ta zauna, ta bar wuri kusa da ita saboda Hajiyar maƙwabta. Shekara talatin suna tare, kuma tun rasuwar Baba ita kaɗai ce mai leƙo Inna kullum. Ranar dai ba ta samu fitowa ba, ɗiyarta ta zo gida haihuwar fari, kwana uku da sauka.

Hoton sai iskanci yake. Alhazai su bayyana fari fat, Inna ta fara salati, sai shuuu, yayyafi ya rufe komai. Na murɗa nan, na buga can, na hura wayar eriya kamar mai fifita wuta. Ni ko ba ni da haƙuri, har gobe. Na jawo tsani na haye soro.

A garinmu ba a hawan soro haka kawai. Sai ka aika gidajen da ke kewaye, ko ka tsaya tsakar gida ka ɗaga murya sau uku cewa za a hau bisa, ka jira mata su kintsa. Na san wannan tun ina yawo ba wando. Zaman gidan haya a Gusau ne ya mantar da ni, da kuma zafin kai.

Na kama sandar eriya ina juyawa, Inna daga ƙasa tana cewa ya zo, ya tafi. Juyawar da zan yi gabas, idona ya faɗa bayan ɗakin maƙwabta. Hajiya ce tsugune da ganye a hannu, ga tukunya tana tururi, tana yi wa mai jego wanka. Muka haɗa ido. Ba ta yi ihu ba. Zanenta ta fizge ta lulluɓe ɗiyarta, ita ta tsaya a gaba tana kallona.

Wallahi ban san yadda na sauko ba. Abin takaici, hoton ya fito tar, ga dutsen Arfa cike da mutane. Inna ta dubi fuskata ta ce, "Mi ya faru?" Na gaya mata. Ta kalle ni kamar ba ita ta haife ni ba.

"Ka yi shela?"

Na ce a'a.

Ta ce in kashe abin nan.

Bayan la'asar na je na durƙusa gaban Alhaji, maigidan Hajiya, a zaurensa. Na rantse, na ba da haƙuri. Ya ce ba komai, Allah ya kiyaye gaba, bai ɗago kai ba. Na fito ina murna, wai ni an gama magana. Sakarai.

An yi Sallah, Hajiya ba ta leƙo ba. Ranar suna, Inna ta tashi tun asuba, ta shafa lalle, ta ɗaure turmin atamfa da sabulun da ta tanada wa jariri, ta zauna bakin ƙofar ɗakinta tana jiran a aiko. Muna jin guɗa ta bayan katanga, muna jin ƙanshin tuwo. Na ce bari in kai ta, ta ce ba a zuwa inda ba a kira ka ba.

Har aka kira magariba tana nan zaune, mayafinta ninke a cinya.