Tayil ɗin da na zaɓa

Shekara tara ina koyar da Fiziks a wata sakandaren 'yan mata a nan Gombe lokacin da muka samu gida a Federal Low-Cost. Gidan tsoho ne, simintin barandar duk ya farfashe, sai maigidana ya ce a sa tayil, ya bar mini zaɓi.

Mai sa tayil ɗin dattijo ne, asalinsa Bakane, ba shi da yawan magana. Ya kawo samfuri biyu ya ajiye a gabana. Ɗaya fari tas, kana ganin fuskarka a ciki. Ɗayan ruwan ƙasa, mai kaushi, ba wani kyau. Na nuna farin, domin irinsa na gani a gidan wata abokiyar aikina, tun ranar kuma yake raina.

"Malama, a falo dai ya yi," in ji shi. "Amma baranda ga famfo a gefe, nan za a riƙa alwala. In ruwa ya taɓa wannan, ƙafa ba ta kama shi."

Na yi dariya na ce, "Malam, wannan abin da kake faɗa ni nake koyar da shi a makaranta. Za mu riƙa gogewa."

Ya sa farin har bakin famfo.

Gaskiya na faɗa masa, ni nake koyar da shi. Duk shekara nakan shiga aji da guntun katako da allo, in ɗora katakon in riƙa karkata allon a hankali har ya zame. In shimfiɗa samfefa, ya ƙi motsi sai allon ya miƙe sosai. In sa gilashi, da ɗan karkatawa ya tafi. In yayyafa wa gilashin ruwa, kafin in ɗaga hannu ya sulale. Sai in rubuta musu cewa gogayya ce ke riƙe abu a kan abu, ba don ita ba ko taku ɗaya mutum ba zai iya ba.

Wata uku da tarewarmu Inna, mahaifiyata, ta zo daga Kumbiya-Kumbiya a keke napep don ta yini. Bayan kiran azahar ta ɗauki buta ta fita baranda. Ina kicin na ji butar ta bugi ƙasa tana gangarawa. Ita kanta ban ji faɗuwarta ba. Na fito na tarar da ita kwance a gefe ɗaya, silifas ɗinta guda ya yi nisa, tana salati a hankali. Na kama ta zan ɗaga, ta riƙe hannuna ta ce, "Bari, kar ki ja ni."

A asibiti aka ɗauki hoto, aka ce ƙashin kwatangwalo ne ya tsage.

'Yan dubiya suka yi ta zuwa, kowa da tambayar yadda aka yi. Amsar Inna ɗaya ce: silifas ɗinta ne ya cinye, ƙasansa ya suɗe. Yayana ya hau ta da faɗa irin na ɗa da uwa. Ya ce sau nawa yana saya mata takalmi tana ɓoyewa a akwati, ta liƙe wa wannan tsumman. Ya ɗauki silifas ɗin ya jefa a shara. Ina tsaye ina zuba mata kunu a kofi, ban ce uffan ba. Har na gyaɗa kai.

Mako biyu bayan haka manhaja ta kawo ni kan darasin gogayya. Na shiga da katakona da allona kamar kullum. Da na zo kan gilashi da ruwa, wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, to me ya sa mutane suke sa tayil mai santsi a inda ake zubar da ruwa?"

Ba ta san komai ba, tambayar ɗalibi ce kawai. Na juya wajen allo ina goge abin da ban gama rubutawa ba. Na ce mata rashin sani ne. Ta rubuta a littafinta.

Ranar Asabar na kira dattijon ya zo ya fasa na barandar. Na shirya wa maganar da zai yaɓa mini, amma da ya zo sai ya tsuguna yana duba bakin famfon, ya ce, "Na ji abin da ya samu Hajiya. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne." Ya ɗauki gudumarsa ya fara aiki. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Inna ta warke, amma ba ta koma kamar da ba. Da sanda take tafiya, kasuwar da take shiga da ƙafarta ta daina, salla kuma sai a kan kujera. Kusan shekara na yi kafin in iya buɗe baki. Wata la'asar a ɗakinta, ina shafa mata man zafi a ƙafa, na ce, "Inna, ba takalminki ba ne. An gaya mini tayil ɗin zai yi santsi, na ƙi ji."

Ta ja carbinta.

"Ai tun ranar da na fara taka shi na ji ƙafata ba ta zauna ba," ta ce. "Na ga kina murna da gidanki, shi ya sa ban tanka ba. Abin da Allah ya rubuta ne. Kar ki kai wa yayanki wannan magana, kin san halinsa."

Ban kai masa ba, har yau bai sani ba. Na rufe kwalbar man, ta ce in gyara mata kujerar ta fuskanci gabas, lokaci yana wucewa.