Ƙafar Yaya Mamman Mai Goge

Shekara tara ke nan da muka rufe Yaya Mamman a Kaoje, ana tsakiyar yankan shinkafa. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi yake goge, ni kuma ina buga masa ƙwarya duk ranar da babu makaranta, domin koyarwa ce aikina.

Wanda bai zauna kusa da mu ba zai ɗauka ƙwaryata ce ke jan kiɗan. Ƙafarsa ce. Yakan cire takalmi ya zauna bakin tabarma, diddige a ƙasa, yatsu na tashi suna sauka, idona kuma na kanta. In tsohuwa ta shigo fili sai ƙafar ta sassauta, in bi ta. In 'yan mata ne sai ta ƙara wuta. Bai taɓa ce mini rage ko ƙara da baki ba.

Daga baya kunnensa ya fara mutuwa. Ya ɓoye, mu ma muka yi kamar ba mu lura ba. Ranar da abin ya fito fili muna biki ne a ƙetaren iyaka, cikin Benin, gidan wasu Dandawa da suka aiko babura aka ɗauke mu. Mata sun cika fili suna tafi, shi kuwa ya daina jin ƙwarya, ya daina jin su. Goge ya yi gaba, tafi ya yi baya. Masu rawa suka tsaya suna kallon juna. Na san shi da kunya. In muka tashi a haka, ya ajiye goge ke nan har abada.

Sai ya matso, ya ɗora tafin ƙafarsa a kan tawa.

"Bawa, taka in ji ta nan," ya ce. "Yau kai ad da kunne."

Ƙafar na da kaushi. Na bi tafin matan, shi ya bi ni, har kiɗan ya koma mazauninsa, uwar amarya ta rangaɗa guɗa. Sai da muka sauka ƙofar gida ya dube ni ya ce, "Ka cika sauri." Haka muka ci gaba da zuwa bukukuwa, ƙafa kan ƙafa, har ƙarfinsa ya ƙare.

Yanzu in na je biki a Bagudo, lasifika nake tararwa an jona da waya. Da Yaya na nan, ba na jin zai yi faɗa, domin yana son sabon abu. Amma zai lura da tsofaffin da ke zaune a gefe, kiɗan ya fi ƙarfin gwiwarsu kuma babu mai sassauta musu. Wannan zai dame shi.

Ba mu taɓa ɗaukar kiɗansa a kaset ba. Gogen na rataye a ɗakina, fatarsa ta tsage. Na daɗe ina ganin abin da ya rage ke nan, sai kwanan baya a kasuwa wata mai sayar da busasshen kifi ta riƙe mini hannun riga.

"Malam, ba ku ne kunka yi min kiɗan aure ba?"

Ta soma rera taken da Yaya ya yi mata, ba ta ɓata ko gaɓa ɗaya ba, ga jikarta a baya. Na ajiye kayana, na jawo kwanon awonta na kifa, na buga mata har ta kai ƙarshe.