Abin da Ya Shaƙe Akori-Kurar Babana

Shekara biyu bayan an koma tuƙi a hannun dama, babana ya sayar da shanunsa da fari ya rage masa, ya sayi tsohuwar akori-kura, ya damƙa mini makulli. Ni ne ɗan fari, kuma tun ina ƙarami kowa a Sule Tankarkar ya san fartanya ba ta ƙaunata, ni ma ban ɓoye cewa ba na ƙaunarta ba. Na riƙa ɗaukar hatsi da fasinja zuwa Gumel da Gagarawa, ranar Alhamis kuma Maigatari. In na taka totur a bakin gari, ji nake duk ƙasar Gumel babu ya ni.

Innata kuwa kunyar ɗan fari ta gada gaba da baya. Ba ta kiran sunana, ba ta kallona ido da ido, ko ciwo nake sai dai ta aiko ƙanwata da kunu. Sau ɗaya ta taɓa tanka maganar motar. Wata babbar mota ta kife a hanyar Maigatari, direban ya rasu, aka yi ta zancen a gari. Kwana kaɗan bayan haka ina wanke inji a ƙofar gida, ta fito za ta shiga maƙwabta, ta tsaya tana kallon bango, ta tambayi ƙanwata wai shin wannan abin ta ina yake numfashi. Na yi dariya, na nuna wa ƙanwar tawa bututun da iska ke shiga, na tafi sallar la'asar na bar murfin inji a buɗe.

Ba a jima ba mota ta fara ciwo. Ka taka ta, ta yi nishi. Baƙin hayaƙi ta baya, mai kuwa sha take kamar an huda tanki. A rairayin hanyar Gagarawa, inda da nake wucewa da giya ta biyu, sai fasinja sun sauka sun tura. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta ce mini da ta sani da jakinta ta hau, shi aƙalla ba ya tusa baƙa. Direbobin tasha kowa da maganinsa. Wani ya ce an haɗa mini mai da kananzir, na zubar na sake. Wani ya ce fulogi ne, na saka sababbi, cikin mako suka yi baƙi ƙirin. Wani ya murɗa mini kafireta har ta kai in na ɗaga ƙafa daga totur sai ta mutu.

Babana mutum ne mai magana ɗaya. Ya ce akwai wani ɗan kasuwar Damagaram da ke son motar ko a yaya take, in Alhamis ta zo ba ta warke ba zai ba shi, ni kuma gona tana jirana. Ban iya cin tuwo ba ranar. Tsoro na ji sosai, domin ban san kaina a wani wuri ba in ba bayan sitiyari ba.

Ranar Laraba na lallaɓa da ita Maigatari wurin wani dattijon bakanike da ya koyi aiki a Damagaram, wanda har fulogi ma buji yake ce masa. Bai taɓa sifana ba tukuna. Ya sa na tayar, ya shaƙi hayaƙin, ya zura yatsa a salansa ya fito da shi baƙi. Ya kwance fulogi ɗaya, ya nuna mini toka a bushe, ba maiƙo. Ya ce inji lafiyarsa lau, damu ne ya ɓaci: kamar fura ce, in gari ya yi yawa ruwa ya yi kaɗan, ba ta wuce maƙogwaro. Ko mai ya yi yawa, ko iska ta yi kaɗan. Ya duba cok mai rage wa inji iska, a buɗe yake. Ya buɗe kafireta, mai bai wuce iyakarsa ba. Na ce masa matatar iskar ma na kakkaɓe ta da kaina. Ya ce to, amma duk da haka ya cire tukunyar matatar gaba ɗaya ya ce in taka.

Motar ta yi wani ruri da na manta tana da shi. Sai da hawaye ya zo mini.

Ya ɗaga tukunyar, ya leƙa bututun, ya zura waya ya jawo wani ƙullin tsumma. A ciki laya ce, ɗinkin jar fata. Tsumman kuwa na san shi, gefen zanen innata ne mai ruwan bula. Dattijon ya dube ni, ya miƙo mini ba tare da ya yi dariya ba.

“Mai ƙaunarka ne ya sa. Wuri kawai ya kuskure,” in ji shi.

Ya mayar da kafireta yadda take, ya goge fulogi, na kamo hanya. Rairayi irin wanda ya saba kunyata ni na haye shi da buhunan gero a baya. Babana ya zagaya motar, ya saurari inji, ya tambayi abin da ya same ta. Na ce iska ce ta yi mata kaɗan, an buɗe mata hanya. Ya ce to, a gaya wa mutumin Damagaram ya nemi wata. Ban ambaci layar ba, don na ga inuwar innata a bayan zana.

Washegari da safe na same ta tana tankaɗe. Na durƙusa na gaishe ta, na ajiye ƙullin a bakin tabarma, na ce a faɗa mini inda ya kamata in rataya wa motar. Ta daɗe tana kaɗa rariya. Sannan ta warware tsumman, ta zura layar a igiya, ta turo mini ita da bayan hannu, fuskarta na kallon bango.

“Ɗaura a damtsenka. Dama ba motar na haifa ba.”

Tun da nake, ranar ce kaɗai ta faɗa da bakinta cewa ita ta haife ni. Na ɗaura, na tafi kasuwar Maigatari.