Shafuka Bakwai da Sanusi Ya Bar Mini

Da daminar bana ƙanena Sanusi ya cika shekara takwas a ƙasa. Mutanen Jalingo sun fi saninsa da Sanusi Mai Zane, wanda ke rubuta allunan shaguna a wata rumfa a Barade. Ni yayarsa ce, ciki ɗaya, malamar firamare har na yi ritaya. Kowace shekara sadaka nake yi, in yi masa addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, domin an ci amanarsa, kuma da hannuna aka ci ta.

Rubutun allo shi ne abincinsa, amma abin da ya tafi da ransa labarin zane ne. Da baƙin biro yake yi, a bayan tsofaffin takardun jarabawa da nake kwaso masa daga makaranta. Ya ƙirƙiro wani birni a cikin dutse, mai ƙofa bakwai, kowace ƙofa da shugaban 'yan daba da ya riƙe ta. Wani kan kura gare shi, wani hannunsa huɗu, wani yana hawan kada kamar jaki. Ba su da laya, ba su da guru. Ƙarfinsu ɗaya ne: duk lokacin da aka ambaci sunan ɗayansu, da tsoro ne ko da kirari, sai ya ƙara tsawo da faɗin yatsa. A tsakiyar littafi za ka ga ƙato ya kere rufin kasuwa, mutane suna ta kiran sunansa suna gudu, shi kuwa yana ta ƙaruwa.

Jarumar labarin wata tsohuwa ce mai sayar da kunun gyaɗa. Ba ta da takobi, ba ta tashi sama. Gida-gida take bi da bokitinta, tana zuba wa mutane kunu tana lallashinsu su daina faɗin sunan. Na sha tsokanarsa cewa ya rasa wanda zai ba jarumta sai mai kama da kakarmu, har da haƙorin nan ɗaya da ya rage mata. Sai ya yi dariya ya ce ai ita ce. A shafin ƙarshe na kowane littafi, gari ya yi shiru da sunan, ƙaton ya yi ta raguwa har ya koma kamar ɗan tsako. Wanda na fi so shi ne na mai kan kura: yana zaune a cikin takalminsa ya yi tagumi, wata kaza ta karkata kai tana kallonsa.

Ga yadda yake aiki, kuma a nan maganar take. Shafin ƙarshe yake fara zanawa, tun kafin ya taɓa na farko. Da ya gama sai ya hau babur ya kawo mini shi gidana a Turaki, in saka a aljihun keken ɗinkina. Na taɓa tambayarsa dalili. Adda yake kirana, wato yaya. Ya ce, "Adda, idan ka daɗe kana zana mugu, sai ka fara sonsa. Ka gyara masa kafaɗa, ka ƙara masa kyau. Ki riƙe mini ƙarshensa, kar wata rana in ji tausayinsa." Haka ya kawo mini guda bakwai, ɗaya bayan ɗaya. Littafi uku kawai ya samu ya kammala. Idan za a buga, sai ya karɓi shafin a yi fotokofinsa, ya dawo mini da shi a ranar.

Mai yi masa fotokofin abokinsa ne tun suna firamare, yana da shago a Yelwa. Zan kira shi Mai Shago. Tare suka sha bulalar malamai, tare suka koyi babur, shi ya yi masa abokin ango. A kwanon gidanmu ya ci tuwo ba sau ɗaya ba, ba sau ɗari ba, kuma Adda yake ce mini kamar yadda Sanusi ke faɗa. Littattafan nan uku shi ya buga su, ya manne su da sitefula, 'yan makaranta suka yi ta karɓa hannu da hannu har suka yage. Yau ko ɗaya ban san inda za a samu ba. Na taɓa sayen gyaɗa na ga an ƙunsa mini ita a cikin wani shafi nasu.

Ciwon hanta ne ya kwantar da Sanusi, wata biyu ya yi ya cika. Ya bar mata da 'ya ɗaya, Hauwa, tana da shekara goma sha ɗaya. Ranar rabon gado malam ya zauna a tabarma aka fito da komai: babur, gwangwanayen fenti, tufafi, ɗan filin da ya saya bai gina ba. Da aka jawo akwatin ƙarfen da zanensa ke ciki, kawunmu ya buɗe ya leƙa ya ce takardu ne kawai. Ba wanda ya musa. A wurinmu abin gado shi ne abin da za a hau, ko a saka, ko a noma. Mai Shago yana gefe idonsa jajawur, ya ce in an yarda a ba shi, zai nemo mai ƙarasa huɗun da suka rage, sunan abokinsa kar ya ɓace. Ni na ce a ba shi. Ni, da na yi shekara talatin ina koya wa yara darajar takarda. Kayan marainiya na ɗauka na yi kyauta da shi a gaban malam, kuma har godiya na yi.

Ban ɓoye masa komai ba. A ƙofar gida na gaya masa cewa shafukan ƙarshe bakwai suna wurina, kuma labarin ba ya tsayuwa sai da su. Ya ce in adana, idan aiki ya kai wurin zai zo ya karɓa. Na adana. Bayan takaba matar Sanusi ta sake aure, Hauwa ta dawo hannuna. Shekara ta zagayo, wata ta bi ta. Idan muka haɗu a wurin biki ko jana'iza sai ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce ana nan ana ƙoƙari. Ni kuwa ina ta sa masa albarka.

A bayan wani keke mai ƙafa uku na fara ganin abin, shekara uku da suka wuce, ina dawowa daga kasuwa. Mai kan kura ne, an yi masa launi, an ɗaura masa sarƙar zinare, ya harɗe hannu yana murmushi, ga sunansa da manyan baƙaƙe. Da farko daɗi na ji, wallahi, na ce aiki ya fito. Na ji har littafi an buga, na aika aka sayo mini. Na zauna na karanta daga farko har ƙarshe ina jiran tsohuwa mai kunu. Babu ita. An cire ta kakaf. Ƙaton yana girma, yana girma, a shafin ƙarshe ya taka ƙofar birni ya zauna a kan karaga, 'yan mata suna yi masa fifita. A bango kuwa an rubuta: Zanen marigayi Sanusi.

Daga nan abin ya bazu. Riguna, sitika, hotuna a waya. Duk bakwai ɗin aka fitar da su, ba wanda ya ragu ko da faɗin yatsa. Samarin da ke tare mutane da adda a lunguna suka rarraba sunayen a tsakaninsu, kowane gungu da nasa, suna kiransa idan za su far wa juna. Ban ce littafi ne ya haife su ba. Tun Sanusi yana raye akwai su, su ne ma suka sa ya fara zanen, bayan an sare wani mai shayi kusa da rumfarsa da rana tsaka. Amma a da kunya ake ji a ce ɗan wane yana cikinsu. Yanzu an ɗinka musu riga, kuma da hannun ƙanena aka yanka ta.

Nakan zauna in ce, da zai leƙo yau me zai ce? Na san launin zai fara burge shi, don ya sha burin ya samu injin da zai buga masa ja da kore. Zai duba kafaɗar mai kan kura ya ce wanda ya sake zanata bai iya inuwa ba. Sai ya juya zuwa shafin ƙarshe. Sanusi ba mai faɗa ba ne, idan ransa ya ɓaci wanke burushi yake yi, ya yi ta wankewa ko da tas yake. Ina jin ranar zai wanke su har gashinsu ya zube. Kuma na san ni zai fara tambaya, kafin ya nemi Mai Shago, don ni ya ba ajiya.

Na je shagon sau ɗaya, da shafukan a cikin jakata. Ya faɗaɗa wurin, ya sa gilashi. Ya tashi da sauri ya ba ni kujera, ya aika a kawo lemo. Na shimfiɗa masa su a tebur ɗaya bayan ɗaya. Ko taɓa su bai yi ba. Ya ce yara ba sa son tsohuwa, kuma ba mai sayen ƙato yana komawa ɗan tsako, idan labari ya ƙare me za a buga gobe? Duk wannan na iya haɗiye shi. Sai ya ƙara da cewa, "Adda, shi ma marigayi da ya ga yadda kasuwa take, da ya canja." Mutumin da ya kwana arba'in yana zuwa karɓar gaisuwa tare da mu, shi ne ya sa wa mamaci magana a baki, alhali ya san dalilin da ya sa shafukan suke gidana. Na tattara takarduna na fito, lemon yana nan ban buɗe ba.

Abin da na yi bayan nan shi ne laifina na biyu. Na mayar da su aljihun keken ɗinki na rufe, ban gaya wa kowa ba, har Hauwa. Kunya ce ta hana ni. Idan na nuna mata, dole in faɗa mata wanda ya ce a ba da akwatin.

Watan jiya aka sari ɗan maƙwabciyarmu Maman Talatu a hannu, da la'asar, yana dawowa daga wurin koyon walda. Waɗanda suka tare shi sunan mai kan kura suke kira. Da ta dawo daga asibiti ta shigo gidanmu, Hauwa tana wanke-wanke. Matar nan shekara ashirin muna zaman lafiya, Kirsimeti ta aiko mana shinkafa, Sallah mu aika mata nama. Ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi Hauwa ta ce da irin Hausarta, "Baban ka ne ya zana wannan abu. Yanzu yaro na ba ta iya riƙe ƙarfe." Ta juya ta fita.

Hauwa ba ta yi kuka ba, ta ƙarasa wanke-wankenta. Bayan kwana biyu na ga fom ɗin makarantar da take cikewa a kan tebur. A gurbin sunan mahaifi ta rubuta sunan kakanta. Na tambaye ta, ta ce ta gaji da a ji sunan a ce au, 'yar mai zanen 'yan daba ce. Sannan ta tambaye ni, a hankali, ko da gaske babanta yana son mutanen nan, tunda ya zana su da kyau haka. Shekara goma sha tara gare ta, kuma abin da ta sani na aikin ubanta shi ne abin da ke manne a bayan keke.

Na buɗe aljihun na ba ta duka bakwai, na faɗa mata komai, har maganar da na yi a gaban malam. Ta jera su a kan tabarma. Da ta zo kan kazar nan mai kallon ƙato a cikin takalmi sai dariya ta kufce mata, irin ta ubanta sak, mai fitowa ta hanci. Sai dariyar ta tsaya. Ta ce, "Goggo, shekara takwas suna cikin ɗakin nan?"

Washegari ta ɗauke su ta tafi wani shagon fotokofi, can nesa da Yelwa. Kwafin farko Maman Talatu ta kai wa. Matar ta karɓa ta duba, kuma ba ta mayar ba. Sauran tana ba masu keke, wasu su karɓa, wasu su yi mata dariya. Ban san ko takarda fara da baƙin biro za ta iya da mai launi ba, kuma ba zan yi wa kaina ƙarya ba: rumfar Sanusi yanzu ana cajin waya a cikinta, allunan da ya rubuta duk an shafe su, akwatinsa yana hannun wanda ya ci amanarsa, hannun ɗan Maman Talatu kuma ba zai koma yadda yake ba.

Mai karatu zai lura ban rubuta sunan ko ɗaya daga cikin ƙattin nan bakwai ba, ban kuma rubuta na Mai Shago ba. Da gangan ne, a wurin tsohuwa mai kunu na koya. Ban yafe masa ba, kuma ba zan ƙara masa ko faɗin yatsa ba. Suna ɗaya nake so a ambata. Jiya na ɗauki ɗaya daga cikin kwafin da Hauwa ke rabawa, na ga ta ƙara layi a ƙasan kazar da rubutun hannunta: Zanen Sanusi, baban Hauwa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya yafe wa yayarsa.