Kawu Bulus a Bakin Zaure

Lokacin da aka yi wa babanmu canjin aiki zuwa Azare, mu kaɗai ne Kirista a layinmu. Maƙwabta ba su taɓa ɓata mana ba, har tuwon salla suke aiko mana, amma da magariba yara suka watse sai gidan ya yi shiru. Ni da Kaka, mahaifiyar babana, muke zama a gindin murhu tana gasa mini gyaɗa a toka.

Akwai mutum na uku, ko da yake ba ya matsowa: Kawu Bulus, ƙanen babana. Ranar da naƙuda ta kama matarsa Saratu yana gidan burkutu, aka yi ta nema ba a same shi ba, kafin a kai ta asibiti ta cika. Tun daga nan ya bar giya, ya bar coci, ya bar magana. A bakin zaure yake zama, inda hasken wuta ba ya kaiwa.

Tatsuniya ɗaya Kaka ta fi maimaitawa, kuma in za ta fara sai ta ɗaga murya fiye da yadda kunnena yake buƙata. Wani mutum ne, in ji ta, ya cinna wa ciyawa wuta don ya kama gafiya, iska ta kwashi wutar ta cinye rumbunan garin kaf. Kunya ta kore shi bakin kogi, ya kafa bukka. Abokinsa ya je ya ce masa ba komai, ƙaddara ce. Mutumin ya san ba gaskiya ba ne, bai ko ɗago kai ba. Wani dattijo ya je ya zayyana masa laifinsa tiryan-tiryan, sai ya tashi ya ƙara nisa. Can wata tsohuwa, wadda ita ma rumbunta ya ƙone, ta bi sawunsa da ɗan dambu a ƙwarya.

Nan Kaka ke sauke murya. "Ta ce masa, 'Kai ka yi, kuma mun sha wuya. Ga abinci, ci.' Ta zauna. Gobe ma ta dawo ta zauna."

Daga nan sai ta ce in je in kwanta. Na taɓa tambayarta me ya sa tsohuwar ba ta ce ta yafe masa kawai ya huta ba. Ta ce gafara Yesu ya riga ya saya da jininsa, amma wanda zunubi ya danne ba ya jin wannan daga nesa, sai wani ya zauna kusa da shi har ya yarda.

Wata rana da yamma, ta kai wurin da ta saba tsayawa, sai muka ji murya daga zaure.

"Inna, mutumin ya koma gida kuwa?"

Kaka ba ta waiwaya ba. Ta ce, "Yana hanya, Bulus. Matso, gyaɗa ta gasu."

Bai matso ba ranar. Kaka ta rasu da damina, ba ta ga komawarsa coci ba, kuma ban ƙara samun mai yi mini tatsuniya ba.

Na girma kafin na gane ba ni ake wa labarin ba. A cocinmu, wanda aka sa wa horo saboda zunubi a bencin baya yake zama shi kaɗai, kowa na kauce wa idonsa. Kawu Bulus da ya dawo, ba wanda ya hore shi, amma can ya zaɓa. Ko budurwa ce da ciki, ko magidancin da aka kama da laifi, za ka gan shi a gefensu, ya buɗe littafin waƙa ya riƙe musu tare.

Bara muka binne shi. Ranar Lahadin da ta biyo baya na shiga coci, na tarar da wani saurayi a bencin, kansa a sunkuye, ba kowa kusa da shi. Na daɗe a tsaye a bakin ƙofa, sannan na je na zauna.