Faifai Biyu a Shagon Kawu Shekari

Kawu Shekari ƙanin mahaifiyata ne. Tun yana saurayi ya shiga aikin masaƙa a Kakuri, a sashen rini, kuma har yau in ya dubi zane zai gaya maka ko zai zuba. Da aka rufe masaƙar, wasu abokansa suka koma ƙauye, wasu suka hau acaɓa. Shi kuwa ya sayi kyamara ta hannu, ya kama ɗan shago a Makera kusa da masu walda, ya zama mai hoto.

Biki, baftisma, taron zumuntar mata, saukar karatun 'ya'yan maƙwabtansa Musulmi, babu inda ba ya zuwa. Amma ya sha faɗa mana cewa mai hoto ba don ranar biki yake aiki ba. "Ranar da za su dawo nema, ba da dariya za su zo ba." Gaskiya ne kuwa. Mutanenmu ba sa binne mutum sai an buga fuskarsa a takardar jana'iza da riguna. In waya ta ɓata, ko an bar hotuna a ƙauye lokacin gudun rikici, wurin Kawu ake zuwa.

Duk aikinsa na shekaru yana cikin ƙananan faifan ajiya na kwamfuta, ya tara su a kwalin takalmi. Wata rana wata mata ta zo daga Rido, mijinta direban tanka ya rasu, kuma Kawu ne ya ɗauki bikinsu. Ya jona faifan, faifai ya yi ta ƙas-ƙas kamar mai tari, bai buɗe ba. Matar ta ce, "Ba komai, Baba," ta tafi. Da hoton katin aiki aka buga takardar, fuskar duk ta dushe. Kawu ya je jana'izar ya gani da idonsa.

Kashegari ya kira Nasiru, ɗan wani tsohon abokinsa, mai sayar da kwamfutocin gwanjo. Nasiru ya gwada faifan ɗaya bayan ɗaya, ya ware masu tari gefe.

"Baba, saba kake bukata. Kwamfuta ce da za ta zauna a lungu ta riƙe komai, sauran kwamfutocin shago suna ɗiba daga cikinta. Ba sai sabuwa ba. Ina da wata tsohuwar ta ofis, ba kyan gani, amma jaki ce."

"Haka ubanka ya ce da ya sayar mini rediyo mai kama tasha ɗaya."

"Ai tashar tana nan har yau, Baba."

Kawu bai yi dariya sosai ba. Ya faɗi abin da ke hannunsa, Nasiru ya shafa gemu.

"Wannan kuɗin hanya biyu gare shi. Ko faifai babba guda ɗaya, ya kwashe duk kayanka. Ko matsakaita guda biyu, duk abin da ya shiga wannan ya shiga wancan, in ɗaya ya mutu ɗaya na nan. Amma fa rabin kayanka kawai za su ɗauka."

"Shi babban ba ya mutuwa?"

"Ni mai sayarwa ne, Baba, ba mai rantsuwa ba. Kowane faifai mutuwa yake yi, ranar ce ba ya faɗa."

Akwai kuma maganar batirin da zai riƙe sabar in an ɗauke wuta, don Nasiru ya ce ɗauke-kawo ɗin nan shi ke kashe faifai. Kuɗin bai kai nan ba. Sai suka daidaita cewa Nasiru zai karɓi tsofaffin faifan da ke da lafiya, ya goge su ya sayar, a madadin batirin. Ya kuma kawo zancen ajiya a intanet, wadda ake biya wata-wata, Kawu ya ce ba zai sa matattun mutane a gidan haya ba.

"Wato abin da ban kwashe ba ya tafi ke nan," in ji Kawu.

"Ya tafi, Baba."

Kawu ya dubi kwalin takalmin. Sannan ya ce, "Kawo biyun."

Ni ya kira in taya shi tankaɗe, don a gidanmu ni ce na san wa ya auri wa, wa ya haifi wa. Kullum da la'asar muna zaune gaban kwamfuta, injin walda na kuka a waje. Hoton kek, motar amarya, takalmin ango, manya suna liƙi, duk bai ɗauka ba. Fuska yake nema, musamman ta tsofaffin da ke zama a bencin baya. A wani biki muka ga wata tsohuwa a gefe, riƙe da kwanon shinkafa.

"Wace ce wannan?"

"Ban san ta ba, Kawu."

"To shigar da ita. Waɗanda muka sani, akwai masu hotonsu. Wannan ƙila ban da ni babu wanda ya taɓa ɗaukarta."

Haka muka yi ta yi har damina ta kankama. Wasu bukukuwan suka koma hoto biyar, wasu goma. Sai muka zo ƙarshe: manyan tarin hotuna biyu ba su shiga ba, wurin da ya rage kuwa ɗaya kawai zai ɗauka. Ɗaya na bukukuwan godiyar girbi ne na wani ƙauye a kudancinmu, inda Kawu ya yi shekaru yana zuwa ɗauka. Ƙauyen ya watse yanzu, mutanensa na warwatse a Kudenda da wasu unguwanni. Ɗayan kuwa na matarsa ne, Anti Scholastica, wadda ta rasu shekarun baya. Duk lokacin da ya sami sabuwar kyamara, a kanta yake gwadawa: tana tsince wake, tana ɗaura ɗankwali, tana nuna shi da ludayi. Har da bidiyoyi masu nauyi. Faifanta yana cikin masu tari, ko ya ajiye shi ba zai kai baɗi ba.

Na kwashi ɗan abin da wayata za ta iya ɗauka, bai taka kara ya karya ba. Na ce, "Kawu, mu rage na ƙauyen mana. Ai ba su ce ka ajiye musu ba."

"Ita ma matar Rido ba ta ce ba."

Ya jawo kujera, ya bi hotunan Anti ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko guda ba. Ya zaɓi kaɗan waɗanda fuskarta ta fito sosai. Da ya zo kan bidiyo, ya kunna wani da take bakin murhu, hayaƙi na shiga idonta. Muryarta ta cika shagon: "Shekari, ajiye abin nan ka zo ka ci tuwo, ko kyamarar ce za ta ci maka?"

Ya sake kunnawa. Mai walda ya tsagaita a waje, muka ji ta tar. Da ya ƙare, ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya zare wayar faifan da hannunsa.

"Shigar da mutanen ƙauyen," ya ce. "Duka."